Mary Tyler Moore: matar da ta rayu a bayan murmushin Mary Richards

Daren Asabar, 19 ga Satumba, 1970, tashar CBS ta Amurka ta fara nuna wani wasan barkwanci na rabin sa'a. Wata mace 'yar shekara 30 ta tuƙo motarta ita kaɗai ta shigo birnin Minneapolis. Ba miji, ba ɗa, ba uba a gefe yana tsare ta. Ta kama ɗakin haya, ta fita neman aiki. Sunanta a cikin wasan Mary Richards, wadda ta hau matsayin kuma Mary Tyler Moore, kuma da sunanta aka kira shirin, The Mary Tyler Moore Show. Ya yi shekara bakwai yana tafiya, kashi 168, ya tattara lambobin yabo na Emmy har 29, adadin da babu wani shiri da ya wuce shi sai a 2002.

Shaidar da nake son bayarwa a kan wannan mata ita ce: jama'a sun saba haɗa Mary ta cikin akwatin talabijin da Mary ta zahiri su mai da su mutum ɗaya, alhali ba haka ba ne. Ta cikin akwati ba ta taɓa aure ba, lafiyarta ƙalau, kowa na sonta. Ta zahiri tana cikin aurenta na biyu, tana da ɗa matashi, tana yi wa kanta allurar insulin kullum, kuma tana shan giya fiye da kima. Abin da ya haɗa su ɗaya ne, wato aiki. Kuma duk wanda ya san yadda ake haɗa irin wannan shiri ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

An haife ta a Brooklyn, birnin New York, ranar 29 ga Disamba, 1936. Tana da shekara takwas iyayenta suka koma Los Angeles. Gidan bai da daɗin zama: mahaifiyarta ta yi fama da giya, mahaifinta kuma mutum ne mai nisa da 'ya'yansa, kamar yadda ita da kanta ta bayyana daga baya. Rawa ta koya, rawa ta sa a gaba. Ta yi aure a 1955 tana da shekara 18. Aikinta na farko a talabijin tallar kayan girki da firij na kamfanin Hotpoint ne, inda ake sa mata matsattsun kaya na wata 'yar mitsitsiyar aljana tana tsalle a kan kayan. Da ciki ya fito, kayan suka daina ɓoye shi, aikin ya ƙare. A 1959 ta samu wani matsayi a shirin wani ɗan bincike mai zaman kansa mai suna Richard Diamond, amma ƙafafunta da muryarta kawai ake nunawa, fuskarta ba ta fitowa.

Ƙofar ta buɗe ne ta wata hanya da ba ta zata ba. Ta taɓa zuwa gwaji don ta fito a matsayin 'yar ɗan wasan barkwanci Danny Thomas a shirinsa, ya ƙi ɗaukarta saboda hancinta ya yi ƙanƙanta, ba wanda zai yarda shi ya haife ta. Amma bai manta da ita ba. Da Carl Reiner, wanda ya ƙirƙiri shirin The Dick Van Dyke Show, ke neman wadda za ta fito matar jarumin shirin, Dick Van Dyke, sai Thomas ya tuna da yarinyar nan mai suna uku. Daga 1961 zuwa 1966 ta zama Laura Petrie, matar gida, ta ci Emmy biyu. A nan ta koyi sana'ar, a gaban 'yan kallo na gaske: yaushe ake magana, yaushe ake jira, yadda ake kuka a ba mutane dariya. Bayan shirin ya ƙare sai tauraruwarta ta dusashe. Wasan dandalin da ta shiga a Broadway a 1966 an rufe shi tun kafin a buɗe shi a hukumance, finafinan da suka biyo baya kuma, in ka cire ɗaya, ba su kai ko'ina ba. Sai a 1969 Van Dyke ya gayyace ta wani shiri na musamman na dare ɗaya, jama'a suka yi dafifi suka kalla, CBS ta ce ta zo ta yi nata shirin. Ita da mijinta na biyu, Grant Tinker, suka kafa kamfanin MTM, suka sa 'yar kyanwa a tambarinsa maimakon zakin da ke tambarin kamfanin fim na MGM.

Dab da wannan lokaci ne, tana da shekara 33, ta yi ɓari aka kwantar da ita asibiti. Gwajin jini ya nuna sukarinta ya kai 750, a ma'aunin da mai lafiya in bai ci komai ba yake tsakanin 70 da 100. Ciwon suga ne nau'i na ɗaya, wanda jiki ke daina yin insulin gaba ɗaya, ba irin wanda ake lallaɓawa da ƙwaya da rage tuwo ba. A wancan zamani 'yar na'urar auna suga ta gida ba ta yaɗu ba, da fitsari ake gwadawa, kuma gwajin fitsari labarin awannin da suka wuce yake ba ka, ba na yanzu ba. Da wannan ciwon ta shiga aikin da ke bukatar tsayuwa a ƙarƙashin fitilu masu zafi, da haddace shafuka sababbi kowane mako. Shekaru da yawa ba ta bari jama'a sun sani ba.

Tinker ya ɗauko marubuta biyu, James L. Brooks da Allan Burns. Shawararsu ta farko ita ce Mary ta fito a bazawara. Manyan CBS suka ce atafau ba za a yi ba. Hujjarsu: 'yan kallo ba su son saki a wasan dariya, kuma za su ɗauka Dick Van Dyke ne ya sake ta. Sai aka sauya. Aka ce ta yi shekara biyu tana ɗawainiya da wani saurayi ɗalibin likitanci, da ya gama ya fara kwana-kwana a kan maganar aure, ita kuma ta tattara kayanta ta bar garin. Har gashin kanti aka sa mata a zangon farko, dogo, don kada a riƙa ganin Laura Petrie a fuskarta.

Ba ita ce mace mara aure ta farko a talabijin ɗin Amurka ba, kada a yi mata ƙarin da ba ta bukata. Eve Arden ta fito malamar makaranta a shekarun 1950. Marlo Thomas ta yi That Girl daga 1966, Diahann Carroll ta fito ma'aikaciyar jinya da mijinta ya rasu a shirin Julia daga 1968. Bambancin yana cikin ginin labarin. Malamar makarantar kullum farautar wani malami take yi. Yarinyar That Girl tana da saurayi tsayayye da uba mai sa ido. Ita kuwa Mary Richards, Brooks da Burns sun cire mata duk waɗannan ginshiƙai, suka dasa ta a ɗakin labarai na wata tasha mai suna WJM wadda ke can ƙasa a jerin tashoshin garin. Samari suna zuwa suna wucewa, amma labarin ba nasu ba ne. Brooks ya taɓa aiki a sashen labarai na CBS, shi ya sa ɗakin ya yi kama da na gaske.

Dubi fitowar da ta kafa shirin, ganawarta ta farko da shugaban sashen labarai, Lou Grant, wanda Ed Asner ya fito a matsayinsa. Ta zo neman aikin sakatariya, an riga an ba wata. Lou yana da kwalba a aljihun teburinsa. Ya tambaye ta shekarunta, ya tambaye ta addininta. Ta ce masa, muryarta na rawa, doka ba ta yarda a yi wa mai neman aiki wannan tambaya ba. Ya tambaye ta ko tana da aure, sai ta ga gara ta koma ta amsa ta addinin. Daga nan amsoshi suka riƙa zuwa a makare, kowace amsa tana faɗawa kan tambayar da ba tata ba. Ya ba ta muƙamin mataimakiyar furodusa, wanda albashinsa ya gaza na sakatariya da dala goma a mako, ya ƙara da cewa in za ta iya haƙura da ragin dala goma sha biyar zai mai da ita furodusa sukutum. Kafin ya ba ta aikin kuwa, ya yaba mata cewa tana da tsaurin ido, ta fara murmushin jin daɗi, ya ce shi kuwa ya tsani tsaurin ido. A cikin 'yan mintoci an gaya maka komai: tana tsoro amma ba ta ja da baya, shi mai kaushi ne amma ya gane mutum, muƙamin mace kuma suna ne babu kuɗi. Ba wanda ya tsaya ya yi wa'azi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan kashi na farko saura ƙiris ya kashe shirin. Ranar Talata aka gwada shi a gaban 'yan kallo, aka gama ba wata dariyar kirki. Ana zafi, na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, kyamarori sun tare wa mutane gani, sauti ba ya isa kujeru sosai. Asner ya faɗi maganar tsaurin idon da zafin da ya tsorata mutane maimakon ya ba su dariya. Babbar matsalar kuma ita ce Rhoda, maƙwabciyar sama, 'yar New York mai kaifin baki da Valerie Harper ta fito a matsayinta. Farkon fitowarta rigima take da Mary a kan ɗakin hayar, tana cewa nata ne. 'Yan kallo suna son Mary tun daga tsohon shiri, saboda haka duk wanda ya taɓa ta ya zama abokin gaba, in kuwa mutum ya tsani mai magana ba zai yi dariyar maganarsa ba komai daɗinta. Gwiwar kowa ta yi sanyi a daren nan. Marubutan ba su rushe rubutun ba. Mai kula da rubutu a wurin ɗauka, Marge Mullen, ita ta kawo maganin: a sa wa 'yar yarinyar nan Bess, 'yar Phyllis ƙawar Mary da ke zaune a gidan, magana ɗaya a baki, ta ce Anti Rhoda tana da daɗin zama, mamanta ce dai ba ta sonta. Shi ke nan. Yaro ya ba da shaida, an ba 'yan kallo izinin son Rhoda. Aka gyara sanyi da sauti, Asner ya sassauta, ranar Juma'a aka ɗauka, ɗaki ya ɗauki dariya. Ni a wurina babu darasin rubutu da ya fi wannan: in fitowa ta mutu, kafin ka zargi barkwancin, duba wa 'yan kallo ke so a wurin, wa kuma suke ƙi.

Sai matsalar lokaci. Da farko an ajiye shirin daren Talata, a gurbin da ake zubar da abin da ba a sa rai da shi. Fred Silverman, mai tsara shirye-shiryen CBS, ya kalli kashin farko ya mai da shi daren Asabar. Zuwa 1973 daren Asabar na CBS ya zama jerin da har yau ake ambato: All in the Family, M*A*S*H, shirin Mary, na Bob Newhart, sannan na Carol Burnett.

Yadda ake ɗaukar irin wannan wasa ya samo asali ne daga I Love Lucy na 1951, inda Desi Arnaz da mai ɗaukar hoto Karl Freund suka daidaita tsarin kyamara uku a kan fim a gaban jama'a. Ana gina ɗakunan a jere, kowanne bango uku, buɗaɗɗen gefen yana fuskantar kujerun 'yan kallo: ga ɗakin labarai da ofishin Lou, ga ɗakin Mary. Kyamarar tsakiya tana ɗaukar faɗin ɗakin, biyun gefe suna giciye, ta dama na kallon fuskar wanda ke hagu, ta hagu na kallon na dama. Da yake duka ukun suna gudu lokaci ɗaya, ba halin a gyara fitila don kowane hoto, sai a haska ko'ina daga sama daidai wa daida. Ana liƙa alamomi a ƙasa, ɗan wasa ya kuskure tasa da taki ɗaya ya fita daga hoto ko ya tare abokinsa. Gwangwanin fim mai ƙafa dubu minti goma sha ɗaya yake ɗauka, don haka kowace fitowa dole ta tsaya ƙasa da haka.

Mako kuma a tsare yake. Litinin a zauna a teburi a karanta rubutun da murya, marubuta suna sa alama a duk inda aka yi shiru. Su koma su kwana gyara. Talata da Laraba a yi bita a tsaye, a nuna wa furodusoshi, a sake gyara. Alhamis ta kyamarori ce, a bi motsi ɗaya bayan ɗaya har masu turawa su haddace. Juma'a da dare jama'a su shigo, a yi wasan daga farko zuwa ƙarshe bi da bi kamar a dandali. Kashi 24 a kowane zango, kowanne wajen minti 25 in an cire talla, an raba shi gida biyu da ɗan guntun rufewa. Jay Sandrich ne ya ba da umarni a mafi yawansu.

Abin da ke ɓaci a daren Juma'a sananne ne. Ɗan wasa ya yi gaggawa ya faɗi maganarsa a cikin dariya, maganar ta nutse. Ya jira har dariyar ta mutu, fitowar ta yi sanyi. Daidai shi ne ya shigo lokacin da dariyar ta fara gangarowa, kuma kafin nan kada ya tsaya kamar gunki, ya ci gaba da rayuwa a cikin halin da yake. Dariya tana cin lokaci, saboda haka rubutun da ya cika minti 25 cif ranar Alhamis ya yi tsawo, dole a bar mata fili. Sannan dariyar jama'a kamar ashana ce, sau ɗaya take kamawa da kyau. In aka yi kuskure aka sake ɗauka, ta biyun ta ladabi ce kawai. A nan horon rawa ya yi wa Moore rana. Ta san inda ƙafarta take ba tare da ta kalli ƙasa ba, tana ƙirga lokaci a jikinta.

Akwai kuma wani abu da ta yi wanda taurari kaɗan ne ke iyawa. Shirin sunanta ne, kamfanin nata ne, amma ta bari aka rarraba mafi daɗin maganganun ga wasu. Ted Baxter, mai karanta labarai mai girman kai da ba ya iya furta sunaye, shi ke kwasar babbar dariya, Ted Knight kuma ya san yadda ake yinsa. Murray marubucin labarai yana gefe yana yi masa habaici. Rhoda na yi wa kanta ba'a a kan ƙiba da rashin miji. Phyllis, wato Cloris Leachman, na ganin ta fi kowa wayewa. A zango na huɗu aka kawo Betty White a matsayin Sue Ann mai shirin girke-girke, zuma a gaban kyamara, wuƙa a bayanta. Aikin Mary shi ne ta tsaya a tsakiya ta saurara, fuskarta ta nuna abin da mai kallo ke ji. Ka kalli hannayenta lokacin da take son ta ƙi abu amma kunya ta hana ta, yadda suke tashi su rasa inda za su sauka. Wannan sauraro shi ke sa mahaukatan da ke kewaye da ita su zama mutane. Sakamakon ya fito a lambobin yabo: Asner, Harper, Knight, Leachman da White duk sun ci Emmy a shirin, ita ma ta ci uku, a 1973, 1974 da 1976.

Brooks da Burns maza ne, kuma sun san akwai abin da ba su sani ba. Suka buɗe ƙofa ga mata marubuta a lokacin da ɗakin rubutun barkwanci kusan na maza ne zalla. Treva Silverman ce kan gaba, ga Susan Silver da wasu. Daga wurinsu aka samu ƙananan abubuwan da namiji ba zai ƙirƙiro ba: wahalar zama ƙawar amarya a sa ka sayen rigar da ba ka so, zuwa biki kai kaɗai, yadda ƙawaye biyu ke auna kansu da juna ba tare da sun faɗa ba. Silverman ce ta rubuta kashin 1973 da matar Lou ta bar shi bayan doguwar zama, ba don ya yi mata laifi ba, sai don tana son ta san ko ita wace ce in ba matar wani ba. Ta ci Emmy da shi a 1974. Sakin da aka hana a 1970 ya shigo shirin bayan shekara uku, kuma jama'a ba su gudu ba.

Maganar albashi ta zo a farkon zango na uku, 1972. Mary na duba tsofaffin takardu ta ga namijin da ta gada ana biyansa dala hamsin a mako fiye da ita. Ta shiga wurin Lou. Ya amsa ba kunya cewa ta fi wancan iya aiki, amma shi namiji ne mai iyali. Ta fita, har ta yarda, sai ta dawo: in don bukata ake biya, ai da mai 'ya'ya uku ya fi mai biyu albashi, mai aure ya fi gwauro, kuma ba haka ake yi ba. A lokacin dokar biyan mace da namiji daidai ta shekara tara da kafawa a Amurka, tun 1963, kuma sai 1974 aka yi dokar da ta hana banki ƙin ba mace bashi saboda jinsinta ko rashin aurenta. A farkon zango na biyar kuma ta kwana a gidan yari saboda ta ƙi faɗa wa alƙali majiyar labarinta. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ta faɗa wa Lou haka, amma ta tafi.

Masu fafutukar 'yancin mata ba duka suka gamsu ba. Gloria Steinem ta yi ƙorafin cewa kowa a ofis yana kiran shugaban da sunansa, Lou, ita kaɗai ke cewa Mista Grant. Ƙorafin yana da tushe, amma ni ina ganin marubutan sun yi daidai. Mace da ta tashi a shekarun 1950 da tarbiyyar kada ta ɓata wa kowa rai ba za ta wayi gari ta zama zakanya ba. Da an yi ta haka, da matan da ke zaune a ofisoshi suna haɗiye magana ba su ga kansu a cikinta ba. Oprah Winfrey, wadda ta fara aiki a ɗakin labarai a shekarun 1970, ta sha faɗin cewa Mary Richards ce ta nuna mata irin rayuwar da take so.

Kashin da aka fi yabo shi ne na 25 ga Oktoba, 1975, wanda David Lloyd ya rubuta, Joan Darling ta ba da umarni. Chuckles, ɗan barkwancin shirin yara na tashar, ya sa kayan gyaɗa ya shiga jerin gwanon masu wasa da dabbobi, giwa ta kama shi za ta ɓare, ya mutu. Abokan aiki suka kasa daina raha a kai, Mary na yi musu faɗa cewa mutuwa ba abin wasa ba ce. Ranar jana'iza kowa ya nutsu, sai ita dariya ta taso mata. Ta danne, ta mai da ita tari, ta waiga kamar wani ne. Limamin cocin ya ce ta tashi, ya ce ta yi dariyarta, mamacin ba abin da ya fi so kamar haka, kuka ne ya tsana. Nan take ta fashe da kuka. Ginin ne abin lura: minti ashirin ana ɗaure ta da maganarta, don minti uku na ƙarshe su yi aiki. Kuma fitowa ce da ba ta jure maimaici, dole ta fito daidai a gaban mutanen da ba su san abin da ke zuwa ba. A 1997 mujallar TV Guide ta sa shi na ɗaya a jerin kashi ɗari mafi kyau a tarihin talabijin.

Su da kansu suka tsai da shirin, yana da sauran ƙarfi. Kafin na ƙarshe, an gwada haɗa Mary da Lou su fita tare, suka gwada sumba, dariya ta kama su duka biyun, magana ta ƙare. Ranar 19 ga Maris, 1977, sabon mai tasha ya kori kowa ya bar Ted, wanda shi ne matsalar tun farko. Mary ta gaya musu cewa ta sha tambayar kanta ko ta ba aiki muhimmancin da ya wuce kima, amma iyali ai su ne waɗanda ke rage maka kaɗaici, kuma su ne suka zame mata hakan. Ba a aurar da ita ba. Shirye-shirye uku suka fito daga cikinsa: Rhoda, Phyllis, da Lou Grant wanda ya koma wasan sa'a guda ba na dariya ba. Kamfanin MTM ya ci gaba ya yi Hill Street Blues da St. Elsewhere, Tinker kuma ya zama shugaban NBC a 1981.

Ita kuwa shekarun da suka biyo sun yi mata nauyi. Ƙanwarta ta rasu a 1978 tana da shekara 21. A 1980 Robert Redford ya ba ta matsayin uwa mai sanyin zuciya da ɗanta ya rasu, a fim ɗin Ordinary People, wanda ya kai ta takarar Oscar. Makonni kaɗan da fitowar fim ɗin, ɗanta tilo, mai shekara 24, ya rasu sakamakon harbin bindigar da ta tashi a hannunsa, bincike ya tabbatar haɗari ne. Aurenta da Tinker ya mutu a 1981. Ta rubuta da kanta cewa lokacin da yaron ke bukatarta tana wurin aiki, kuma ba ta nemi a yi mata uzuri ba. A 1983 ta auri wani likitan zuciya, a 1984 ta shiga cibiyar Betty Ford don ta rabu da giya. Ga mai allurar insulin giya haɗari biyu ce: tana hana hanta sakin sukarin da ke ceton mutum in nasa ya faɗi, kuma alamun faɗuwar sukari, rawar jiki da ruɗewa da lauyewar harshe, suna kama da maye, sai a bar mutum ya kwanta alhali taimako yake bukata.

Daga wannan lokaci ta daina ɓoye ciwon. Ta zama shugabar ƙasa da ƙasa ta gidauniyar JDRF mai tallafa wa binciken ciwon suga nau'i na ɗaya, ta riƙe muƙamin fiye da shekara talatin. Ta sha zuwa gaban kwamitocin majalisar dokokin Amurka tare da yara masu ciwon, tana neman a ƙara kuɗin bincike, tana bayyana abin da ciwon ke yi wa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, domin nata idon ma ya ci shi sosai a ƙarshe. A 2002 aka kafa mutum-mutuminta a titin Nicollet na Minneapolis, inda ta jefa hularta sama a hoton buɗe shirin. A 2009 ta fitar da littafi a kan zama da ciwon suga. An yi mata tiyatar cire ƙari a kai a 2011. Ta rasu ranar 25 ga Janairu, 2017, a Greenwich ta jihar Connecticut, bayan ciwon huhu, tana da shekara 80, kusan 47 daga cikinsu a kan insulin.